Inshorar da Ke Biyan Kuɗin Madarar PKU

Tun da gwajin jinin dunduniya ya nuna ɗiyata tana da cutar PKU, wadda ke sa sinadarin fenilalanin da ke cikin abinci mai furotin taruwa a jiki har ya lahanta ƙwaƙwalwa, madara ta musamman marar wannan sinadari ta zame mata magani. Kamfanin inshorarmu a nan Amurka yana biyan kuɗinta, kuma na yaba masa, domin gwangwanayen suna isowa kowane wata ba jinkiri. Inda gizo ke saƙa shi ne sabunta takardar likita duk shekara, alhali cutar ta gado ce, ba ta warkewa. Mai niyyar shiga irin wannan inshora gara ya fara tambaya ko ana yanke tallafin idan yaro ya girma, tunda dokokin jihohi sun bambanta.