Lambobin ANSI ko ncurses: wanne ya dace da allon lissafin shago?

Wani ɗan'uwa daga Jos ya kawo tambaya. Ya rubuta ƙaramar manhaja da yaren C a kan Ubuntu, tana nuna buhunan dankalin turawa da na kabeji da suka rage a shagonsu na Farin Gada, da farashin kowanne. Duk daƙiƙa ɗaya sai ta kira system("clear"), ta sake buga teburin da printf. Allon sai ƙyaftawa yake yi, in ya shiga kwamfutar shagon daga gida ta SSH (hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa) abin ya fi muni, kuma tun da ya ɓoye alamar rubutu (cursor), duk lokacin da ya danna Ctrl+C don tsayar da manhajar, alamar ba ta dawowa. Ya ji ana ambaton lambobin ANSI da ncurses, shi ne yake son a faɗa masa wanda zai kama.

Malam, su biyun ba kishiyoyi ba ne. Ita ma ncurses, laburare ce ta shiryayyun ayyukan zana allo, kuma irin waɗannan lambobin take aika wa taminal (tagar da manhajar ke buga rubutu a ciki) daga ƙarshe. Abin da ya raba su shi ne wa ke riƙe da lissafin abin da ke kan allo a yanzu: kai da kanka, ko laburaren.

Lambar ANSI jerin haruffa ce da ke farawa da bayit mai lamba 27, wanda ake rubutawa \033 a C, sai alamar [ ta biyo baya. \033[2J yana share allo, \033[H yana mai da alamar rubutu kusurwar sama ta hagu, \033[5;20H yana kai ta layi na 5 gurbi na 20, \033[31m yana sa rubutu ya zama ja, \033[0m kuma ya mai da launi yadda yake. Tsarin tsoho ne, tun ƙa'idar ECMA-48 ta 1976 da taminal ɗin VT100 na kamfanin DEC da ya fito a 1978. Ba ka buƙatar girka komai, printf kawai ya isa. Ita kuwa ncurses jikar curses ce, wadda Ken Arnold ya rubuta a Berkeley. Sai ka girka ta da sudo apt install libncurses-dev, ka buɗe da initscr(), ka rufe da endwin(). Ba ta zaton kowane taminal iri ɗaya ne: tana duba abin da ke cikin TERM, inda ake ajiye sunan nau'in taminal ɗin, ta nemo lambobin da suka dace a kundin terminfo.

Mu zo kan ƙyaftawar, don ita ce ainihin ciwon. Duk sanda ka kira system("clear"), sai an tayar da shel (manhajar da ke karɓar umarni), shel ya tayar da wata manhaja, ita ta share allon. Tsakanin sharewar da isowar sabon rubutu allo yana zama fayau, ido kuma yana kama wannan giɓin. Ta SSH, musamman in sabis ba ƙarfi, giɓin yana daɗa tsawo. Ga kuma nauyi: allo mai gurbi 80 da layi 24 haruffa 1,920 yake ɗauka, kana iya tura kusan dukkansu duk daƙiƙa alhali buhu ɗaya kawai aka sayar.

Maganin ta hanyar ANSI shi ne ka daina sharewa gaba ɗaya. Ka tura \033[H, ka rubuta kowane layi a kan tsohonsa, ka ƙare shi da \033[K don ya goge ragowar tsohon rubutu zuwa ƙarshen layin. Wannan \033[K ɗin ba ado ba ne: in adadi ya sauka daga 120 zuwa 95 ba tare da shi ba, 950 za ka gani, domin sifilin baya yana nan zaune. Bayan layin ƙarshe ka sa \033[J ya share abin da ke ƙasa. Sannan ka sani cewa printf a kan taminal yana fitar da rubutu ne duk sanda ya ci karo da \n, wato teburin yana fita guntu-guntu. Ka ba stdout, mafitar da printf ke rubutu a cikinta, ma'ajiyarka da setvbuf a yanayin _IOFBF, ka kira fflush sau ɗaya bayan ka gama zana komai. Da wannan ƙyaftawa za ta tafi, amma har yanzu dukkan teburin kake turawa.

A ncurses ba ka rubuta wa allo kai tsaye. erase() da mvprintw() suna aiki ne a kan hoton allo da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ka kira refresh() ta gwada sabon hoton da tsohon, ta tura gurbin da ya canza kaɗai. Buhu ɗaya ya ragu, 'yan bayit kaɗan ne za su bi waya. A nan ta yi wa ANSI fintinkau. Tarko ɗaya: kada ka sa clear() a cikin zagayen, domin ita tilasta sake zana allon duka take yi, ka koma gidan jiya. erase() ce abokiyar tafiya. Ka kuma lura ANSI daga 1 yake ƙirga layi da gurbi, ncurses daga 0, kuma layi ne ke zuwa kafin gurbi a dukkansu.

Ɓacewar alamar rubutu kuwa, \033[?25l ka tura ka ɓoye ta, Ctrl+C ya kashe manhajar kafin ta tura \033[?25h. Dogaro da atexit ba zai cece ka ba, ba ya gudana in siginar SIGINT, wadda Ctrl+C ke aikawa, ce ta kashe manhaja. Dole ka kama siginar, ka ɗaga wata tuta, zagayen ya fita da ƙafarsa ya gyara taminal. ncurses tana yi maka wannan da kanta muddin ba ka sa naka mai kama siginar ba. Amma in manhajar ta faɗi saboda kuskuren ƙwaƙwalwa, duka biyun za su bar maka taminal a hargitse. Rubuta reset ka danna Enter, ko da ba ka ganin abin da kake bugawa.

Ranar da ka so a riƙa zaɓar kaya da kibiyoyin madannai, a nan hanyar ANSI take fara tsada. Sai ka taɓa saitin taminal ta termios ka kashe ICANON (jiran Enter) da ECHO (nuna abin da aka danna), ka kuma fassara abin da ke shigowa da hannu, domin kibiyar sama bayit uku ce, \033[A, wani lokaci \033OA. A ncurses cbreak(), noecho() da keypad(stdscr, TRUE) sun gama magana, getch() zai ba ka KEY_UP. In ka ƙara timeout(1000), getch() zai jira daƙiƙa ɗaya ya dawo ko ba a danna komai ba, ka huta da sleep. Canjin girman taga ma haka: a ANSI sai ka kama siginar SIGWINCH ka tambayi sabon girma da ioctl, a ncurses KEY_RESIZE ne zai zo maka.

Akwai abin da ya shafe mu masu rubutu da Hausa, kuma kowanne ɓangare yana iya tuntuɓe a kai. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne, alamar ₦ uku, amma gurbi ɗaya suke ci a allo. printf da %-12s bayit yake ƙirgawa, shi ya sa layin da ke da "ƙwai" zai zame da gurbi ɗaya, farashinsa ya kauce wa na sauran. Kada ka cike da sarari, ka yi tsalle zuwa gurbin da kake so: \033[20G a ANSI, ko mvprintw dabam ga kowane sashe na teburin. A ncurses kuma sai ka haɗa da -lncursesw maimakon -lncurses, ka kira setlocale(LC_ALL, "") kafin initscr(), in ba haka ba tarkacen alamomi za ka gani a madadin haruffan.

Inda ANSI ya fi shi ne ƙaramin aiki: layi ɗaya mai nuna ci gaban aiki da \r da \033[K, ko jan rubutu in kaya sun kusa ƙarewa. Ɗauko ncurses don wannan wahalar banza ce, ga shi tana karɓe allon duka. Haka in za a tura sakamako cikin fayil, sai ka duba isatty(1), in ba taminal ba ne ka bar lambobin, kada rahoton ya cika da ^[[31m. Mai rubutun shel kuma yana da tput, wadda ke karanta terminfo ɗin nan dai.

Naka aikin tebur ne mai cin allo duka, mai sabuntawa duk daƙiƙa, ana kallonsa ta SSH, don haka ncurses za ka kama. Sai dai in ka shiga, ka cire duk wani printf da ke rubutu a allo tsakanin initscr() da endwin(). Laburaren ba ta san da shi ba, hoton da take riƙe da shi zai saɓa da abin da ke allo, ta riƙa tsallake gurbin da take zaton daidai yake. Saƙonnin neman kuskure ka tura su wani fayil, ka buɗe taga ta biyu ka bi su da tail -f.