Kwana biyar da tabarau na VR a wajen koyon haɗa giyar inji

Jama'a ga yadda ta kaya a horon da aka tura mu, mu shida daga sashen haɗa giyar inji. Cibiyar ba zan kama sunanta ba, amma Meta Quest 3 suke amfani da shi, wanda ya fito a 2023, tabarau ne na VR, wato irin wanda in ka saka a fuska sai ka ji kamar kana cikin hoton kwamfuta, sai manhajarsu da suka zuba zanen giyar a ciki.

Kana sakawa sai ka gan ka tsaye gaban benci, kaya a baje, shaf, boris, washa, noti, ka ɗauka da rimot ɗin hannu ka jera, in ka saka boris kafin washa sai abin ya koma ja ya ƙi zama. Wallahi nan suka burge ni, don ni akwai wani ɗan zoben ƙarfe da nake yawan mancewa sai an rufe kaskon giyar sannan a sake kwancewa oga yana ta faɗa, to a nan sau goma na haɗa na warware, ba gaskit ɗin da ya yage ba baƙin mai a riga. Har kanka za ka cusa cikin kaskon ka ga yadda haƙora ke cizon juna. Malamin ya ce haka Audi suka tsara aikin haɗa motarsu e-tron GT a Neckarsulm ta Jamus, a VR suka gwada matakan ba su ƙera motar gwaji ba, na duba kuwa haka ne.

Sai dai fa babu nauyi. Kaskon da mutum biyu ke ɗagawa da nishi, da yatsa biyu na ɗauke shi, ɗaure noti kuwa rimot ya ɗan girgiza shi ke nan wai ya ɗauru. Sabon yaronmu shi ya fi kowa maki, ranar da muka dawo bencin gaske ya murɗe noti har zare ya cinye.

Su ma cibiyar da nasu laifin, tabarau uku ga mutum shida, cajin kamar awa biyu yake yi su kuma ba su tanadi ƙarin batir ba, ɗaki ba AC, ka karɓi soson fuska jiƙe da gumin wani. Ranar farko jiri ya hana ni cin abincin rana.

Sabon ma'aikaci a tura shi, kwana biyu ya isa ya haddace jerin. Kuɗin sauran kwana ukun da sufana mai auna ɗauri aka sayo mana da shi.