Word ko Adobe Reader: wanne ya fi saurin zaƙulo kalma?

'Yar'uwa, kin ce kina rubuta kundin digiri na biyu a Samaru, kwamfutarki cike da takardun PDF, ga kuma babin da malaminki ya dawo miki da shi, kina tambayar wacce manhaja ta fi wajen neman kalma. Duka biyun za ki riƙe, don aikinsu ba ɗaya ba ne.

Word na rubutun da ke hannunki ne. Ki danna Ctrl+F, fage zai buɗe a hagu ya jero miki duk inda kalmar ta fito, da adadinta, da guntun jimlar da take ciki. Ctrl+H kuma shi ke sauya kalma a faɗin kundin: idan malam ya ce duk "Zaria" ta koma "Zariya", nan take kin gama. Amma ki zaɓi Find whole words only, in ba haka ba neman "gona" zai kwaso miki har da "gonaki".

Adobe Acrobat Reader na kyauta ba ya gyara rubutu, sai dai yana da abin da ni a ganina ya fi muhimmanci ga mai bitar ayyukan magabata. Ki tara PDF ɗinki a folda ɗaya, ki danna Shift+Ctrl+F, ki nuna masa foldar. Zai bi su duka a lokaci guda, ya kawo sakamakon kowace takarda a ƙarƙashin sunanta. Nan Word ba ya kama ƙafarsa.

Abu biyu ke kayar da su duka. Na farko, tsofaffin kundaye irin na ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, idan sikanin aka yi, hoto ne kawai, babu harafin da kwamfuta za ta gani. Ki gwada jan linzamin kwamfuta a kan layi ɗaya; idan ya ƙi haskawa, bincike ba zai samo komai ba ko da kalmar na gabanki. Maganinsa OCR, wato fasahar da ke gane haruffan da ke cikin hoto ta mayar da su rubutu, wanda Reader na kyauta ba ya yi. Ki ɗora takardar a Google Drive, ki buɗe ta da Google Docs, zai mayar da hoton rubutu. Ki dai duba da idonki, yakan yi tuntuɓe a shafin da ya dusashe.

Na biyu ya fi ci min tuwo a ƙwarya: haruffanmu masu ƙugiya. A wurin kwamfuta "kasa" daban, "ƙasa" daban. Wasu takardun ma da tsofaffin fon (salon haruffan kwamfuta) na Hausa aka buga su, inda q ke tsayawa a madadin ƙ, x a madadin ɗ, don haka abin da ke ɓoye a ciki "qasa" ne. A Reader sai kin nemi kowanne shi kaɗai. A Word kuwa ki kunna Use wildcards, ki rubuta [kƙq]asa, zai kamo ukun gaba ɗaya. Babban baƙi ne kawai ba zai gani ba a wannan yanayi, sai kin ƙara K da Ƙ da Q a cikin bakan.