Eksire ko siti: wanne ya fi nuna karayar kafaɗa?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ka ce ta zame a banɗaki a nan Gombe, ƙashin damtsenta ya karye daf da kafaɗa. An yi eksire, wani likita ya ce gida uku ya rabu, wani ya ce huɗu, yanzu kuma an ce a yi siti, wato hoton nan na CT da ake shigar da mutum cikin na'ura, kana tambaya ko asarar kuɗi ce.

Da eksire ake farawa. Yana da araha, nan take an gama. Sai dai inuwa yake nunawa, ƙashi na hawa kan ƙashi, shi ya sa hoto ɗaya ba ya isa a kafaɗa. Ana son na gaba, da na gefe, da na ta hammata, wanda ke tona gocewar kan ƙashi daga gurbinsa. Wannan na ukun yakan yi wuya, don ɗaga hannun mai karaya azaba ce.

Siti kuwa yanka-yanka yake ɗauka, kamar mai sara rake gaɓa-gaɓa, kwamfuta ta harhaɗa. A nan ake ganin ko kan ƙashin ya tsage, da nisan da ƙullutai biyun da jijiyoyin kafaɗa ke riƙe da su suka yi. Ya fi tsada, tururin da ke ratsa jiki ma ya fi yawa. Shi em-ar-ai (MRI), wani nau'in hoton na daban, gwanin nama ne da jijiya, ba kasafai ake nemansa a sabuwar karaya ba.

Saɓanin likitocin nan kada ya tsorata ka. A 1970 wani likitan Amurka, Charles Neer, ya kasa saman ƙashin nan kashi huɗu, ya ce ba a ƙirga ɓangare sai ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkace fiye da digiri 45. Auna wannan a hoto ba wasa ba ne. Tun 1993 bincike ke nuna ƙwararru na saɓawa, har likita ɗaya kan sauya magana idan ya sake duba hoton daga baya. Siti ma bai kawar da saɓanin ba.

A ganina, in ana maganar tiyata, ku yi sitin, don likita ya san abin da zai tarar. In rataye hannun kawai za a yi, tambaye shi ko sakamakon zai sauya maganin. Wani bincike a Birtaniya a 2015, kan mutum 250, bai ga bambancin kirki tsakanin tiyata da rataya ba bayan shekara 2, amma ba a sa waɗanda kan ƙashinsu ya goce daga gurbinsa a ciki ba.

Ka kuma tabbatar an taɓa gefen kafaɗarta an tambaye ta ko tana ji, an sa ta motsa yatsu, domin eksire ba ya nuna jijiyar da ta taɓu. Don Allah kada mai ɗori ya ja hannun nan. Ku kwashi hotunan duka ku kai wa likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Tarayya cikin makon nan.