Garejin da ya tsayar da yoyon fetur a motata Nissan 300ZX

Duk mai riƙe da 300ZX ƙirar 1991 mai turbo biyu ya san cewa warin fetur da sassafe abin tsoro ne, domin tiyo-tiyon roba da ke kai mai ga nozul shida na injin suna bushewa idan shekaru suka yi yawa, kuma man yana ɗiga ne a kan ƙarfe mai zafi.

Abin da ya fi burge ni a wannan gareji shi ne bakaniken bai taɓa komai ba sai da ya ɗaura ma'auni, ya ga matsin man yana sauka bayan an kashe mota, sannan ya bi layin har ya gano tsagewar. Ya canza dukkan tiyon da irin mai lambar SAE J30R9, wanda aka yi domin matsi mai ƙarfi, ya sabunta robobin nozul da filta, kana ya sanya famfon fetur na kamfanin Walbro a cikin tanki, mai tura lita 255 a awa ɗaya. Wayoyin famfon ma ya duba su, abin da makanikai da dama ke tsallakewa.

Kuɗin aikin yana da nauyi, kuma sun saɓa ranar da suka yi alkawari ba tare da sanarwa ba, wanda bai dace ba. Sai dai warin ya ɓace, kuma injin ya daina shaƙewa idan na taka totur a hawa. Zan sake kai musu motar.