Wata takwas da tsohuwar Yamaha DX7 a sitidiyona

Ni makaɗin fiyano ne, kuma kamar yawancin abokan sana'ata, a kan fiyanon lantarki na Yamaha PSR hannuna ya saba. Abin da ya kai ni ga sayen DX7 ta hannu, na'urar haɗa sauti mai maɓallai irin na fiyano, wani amo ne da na taso ina ji a rediyo da kaset: fiyano mai zaƙi kamar an gauraya shi da ƙararrawa, wanda ke kwance a ƙarƙashin waƙoƙin soyayya na Amurka na shekarun 1980, irin na Whitney Houston. Na neme shi a na'urorin zamani, ina samun mai kama da shi, amma ba shi ba.

Tawa irin ta farko ce, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1983. Da ta iso, na kunna, sai wasu haruffa marasa kan gado a allonta. Batirin da ke riƙe mata sautuka ya mutu, abin da ba mamaki ga kayan da ya kai shekara 40. Ɗan ƙaramin batiri ne, CR2032, amma da dalma aka liƙe shi, don haka sai da na kai wa mai gyaran rediyo. Kuma ta kasuwar Japan ce, wutar bolt 100 take sha, ba 230 irin tamu ba. Duk wanda zai saya, don Allah ya duba bayanta kafin ya soka a soket, ya tanadi taransifoma. Bayan gyara na loda mata sautukanta na asali guda 32 daga kwamfuta ta wayar MIDI, mai haɗa kayan kiɗa da kwamfuta, na danna lamba 11, wadda aka sa wa suna E.PIANO 1. Sai da tsigar jikina ta tashi. Shi ne, ba ragi ba ƙari.

Abin da rikodin bai taɓa gaya min ba shi ne yadda amon yake bin yatsa. In ka taɓa a hankali, sai ya fito da laushi, a dunƙule. In ka buga da ƙarfi, ba ƙara kawai yake yi ba, launinsa ne yake sauyawa, ya yi kaifi, ka ji ƙarfe a cikinsa. Dalili kuwa, babu sautin da aka naɗa aka ajiye a cikinta. Lissafi take yi nan take. Tana da injinan amo guda 6, kowanne yana fitar da amo ɗaya tsantsa, sai ɗaya ya riƙa girgiza ɗaya da sauri har wani sabon amo ya haihu, kuma akwai hanyoyi 32 na jera su. John Chowning ne ya gano dabarar a Jami'ar Stanford a 1967, ana kiranta FM, daga baya Yamaha ta karɓi lasisinta. Ƙarfin bugunka shi ke ƙara girgizar. Shi ya sa nakan zauna awa guda a kan wannan sauti ɗaya ban gaji ba.

Sai yanzu na fahimci yadda ta mamaye kiɗan fof. Kafin zuwanta, a cikin irin waɗannan na'urori, Minimoog ta 1970 amo ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, Prophet-5 ta 1978 kuma 5, da tsadar gaske, ga shi zafi kan sa muryarsu ta karkace. DX7 ta zo da 16, a kan dala 1,995, muryarta ba ta motsi. Mawaƙa suka yi mata rubdugu. Bes ɗinta mai tsalle, lamba 15, shi ma ya cika waƙoƙin rawa na wancan zamani, har zuwa lokacin da Korg M1 ta zo a 1988 da sautukan da aka naɗa daga kayan kiɗa na gaske.

Amma ƙirƙirar sabon sauti a kanta aiki ne ja. Allonta layi biyu ne, ba fitila a ciki, maɓallan sarrafawa shafaffu ne kamar na kalkuleta, kuma da ɗan maɓalli mai zamewa guda ɗaya za ka bi saituna fiye da 100, ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙara lamba ɗaya, ƙararrawa ta koma hayaniya. Wannan ne ya sa yawancin mawaƙa suka tsaya ga sautukan da suka zo da ita, 'yan kaɗan irin su Brian Eno ne suka shiga cikinta da gaske. Ni manhajar Dexed, mai kwaikwayon DX7 a kwamfuta, ce ta cece ni, kyauta ce, ina ganin komai a fuskar kwamfuta sannan in tura mata. Da haka na yi mako biyu ina neman amon kuge, kuma na samu wanda wani dattijo da ya leƙo sitidiyo ya ɗaga kai da ya ji. Duk abin da ake bugawa, ƙarfe ne ko itace, DX7 gwanarsa ce. Goge kuwa na gwada na haƙura, siriri yake fitowa, ba rai.

Ga ɗan'uwa mai zuwa biki da fiyano, ban ba shi shawarar sayenta ba. Ba ta da sifika, ba ta da ganguna masu bin ka da kansu, ba ta da amsa-kuwwa, sai ka ƙara mata daga waje, nauyinta kuma ya kai kilo 14. Akwai ɗan huci a muryarta in ka saurara da abin kunne, ni dai ya zame min wani ɓangare na halinta. Wanda sautin kawai yake so, Dexed ta ishe shi. Ni maɓallanta 61 nake so, da yadda suke amsa min, don haka ta samu wurin zama kusa da taga, da zane a lulluɓe saboda ƙurar hunturu.