Gargaɗi ga masu kyamara: akwai mai sayar da batiran jabu a zaurukanmu na WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hoto da bidiyo, na Garwa, Marwa da Ngaundare, har zuwa Kusuri da Njamena. Don Allah duk wanda ya sayi sabuwar kyamara marar madubi, ko yake neman ƙarin batir saboda aikin biki da hawan salla, ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗi.

Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan masu hoto na WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook. Cewa yake shagonsa na Duwala, kayansa kuma daga Dubai suke zuwa. Ban sa sunansa ko lambarsa ba, domin sunan na aro ne, lambar kuma ba ta daɗewa. Salonsa ne ba ya sauyawa, shi za ku riƙe. Zai ɗora bidiyo yana buɗe kwalin batirin Sony NP-FZ100 ko Canon LP-E6NH, ya sa a kyamara, ta karɓa lafiya lau. Wancan na bidiyon na asali ne, amma ba shi za a aiko maka ba. Zai ce guda biyu sefa 25,000, ga caja kyauta. Ka tura rabi ta Orange Money ko MoMo a matsayin kafin alƙalami, ka cika idan kaya sun iso a motar ajans.

Kayan kuwa suna isowa, a nan dabarar take. Wanda ya karɓi kwalinsa zai dawo zaure ya rubuta, "Alhamdu lillahi, saƙo ya iso, mutumin kirki ne." Sai wasu su biyo baya saboda shaidar ɗan'uwansu. Kafin batirin ya nuna halinsa, mutumin ya gama kwasar abin da zai kwasa, ya rufe layi.

Ya san inda ke mana ƙaiƙayi. Kyamara marar madubi tana cin wuta fiye da tsofaffinmu masu madubi, domin muddin tana kunne sensa (sashen da ke karɓar haske ya mai da shi hoto) na aiki, allo na aiki, wurin leƙawar ma ƙaramin allo ne. Sony a7 III, wadda ta fito a 2018, a gwajin kamfani tana ɗaukar hoto kusan 710 da caji ɗaya idan da allon baya kake aiki, 610 idan leƙawa kake yi. Masu Canon RP ko R50 kuwa batirinsu LP-E17 ne, 1040 mAh kacal (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa). Wanda zai wuni yana ɗaukar bidiyo daga ɗaurin aure har kai amarya, a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, dole ya nemi batir na biyu da na uku.

Wani yaro da ya koyi aiki a hannuna yana cikin waɗanda abin ya shafa. Ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya mallaki kyamararsa. Ana tsakar ɗaurin aure, allo na nuna masa saura fiye da rabin caji, sai kyamarar ta mutu ɗif. Bidiyon da take ɗauka bai kai ga rufewa a kati ba, ya lalace. Ya kira ni muryarsa na rawa yana cewa, "Maigida, batirin ya ƙi fita." Ya kumbura a ciki, da ƙyar mai gyara ya zaro shi. Kuɗin batirin ba komai ba ne a kan kunyar da ya sha gaban iyalan amarya, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirin mutumin nan. NP-FZ100 na asali a shagunan Turai yakan kai yuro 70 zuwa 90, yuro ɗaya kuma sefa 656 ne. Ke nan guda ɗaya ya haura sefa 45,000 tun bai hau jirgi ba, tun ba a biya kwastan ba. Ta yaya za a ba ka biyu da caja a 25,000?

Sannan ku karanta abin da ke jikin batirin. NP-FZ100 na gaskiya 2280 mAh ne, volt 7.2. LP-E6NH 2130 mAh ne. Nikon EN-EL15c 2280 mAh. Waɗanda wannan mutum ke aikowa, wasu an buga musu 4000 ko fiye, ga tambarin kamfani a kai. Ƙwayoyin ajiye wuta biyu ne kawai ke shiga wannan ɗan gidan roba, babu inda za a cusa ninkin wutar. Duk lambar da ta zarce ta kamfani da nisa haka, ƙarya ce.

Abin da na fi yarda da shi shi ne sikeli. NP-FZ100 na asali nauyinsa kusan giram 83 ne. Ka je wurin maƙerin zinariya a kasuwa, ka ɗora wanda ya zo da kyamararka, ka ɗora sabon. Rubutu da kwali ana iya kwaikwayonsu har su ruɗi ido, amma ƙananan ƙwayoyin da suke sawa a ciki ba su da nauyin na gaskiya. Idan kuma kana zargin kumburi, kwantar da batirin a kan gilashi ka taɓa gefensa: lafiyayye zai zauna daram, kumburarre zai riƙa rangaji. Irin wannan kada ya sake shiga kyamara ko caja.

Ita ma kyamarar tana magana. Sony kan fito da saƙo cewa ba ta da tabbas a kan lafiyar wannan batir, Canon kuma ta tambaye ka ko batirin na ɗauke da tambarinta. Mutumin ya san da haka, shi ya sa tun kafin kaya su iso yake cewa, "Idan ta nuna maka rubutu ka danna OK, sabon tsarin kyamarar ne." Wannan maganar ita ta fi ɓata mini rai, domin gargaɗin da aka yi don kare ka ne yake koya maka tsallakewa. Sai dai rashin ganin saƙon ba shaida ba ne, akwai na jabun da ke wucewa kyamara ba ta gane su ba.

Ba cewa nake duk batirin da ba na Sony ko Canon ba haramun ne. Akwai kamfanoni irin su Patona, Wasabi Power da SmallRig da ke yin nasu, su sa sunansu a jiki, su sayar da rahusa. Ka san abin da ka saya, ka san kuma iyakarsa. Wanda ya manna sunan wani a kan kayan da ba nasa ba, ba ka san me ya rage a ciki ba, kuma galibi abin da ake ragewa shi ne ɗan allon lantarki na cikin batirin da ke yanke wuta idan caji ya cika ko zafi ya yi yawa.

Cajar kyautar nan ku ajiye ta gefe. Batiran nan idan sun cika suna tsayawa a volt 8.4, caja mai kyau a nan take yankewa. Sony na ba da shawarar a yi caji tsakanin digiri 10 zuwa 30, mu kuwa a Garwa watannin Maris da Afrilu zafi na haura 40. Batirin da ba shi da kariya, a cajar da ba ta yankewa, a ɗakin kwano da tsakar rana, gobara ake nema. Ko na asali ne, a bar shi ya huce bayan aiki, a yi masa caji da asuba ko da dare a kan siminti, ba kan katifa ba, kuma da mutum a kusa. A yi amfani da cajar kamfani, BC-QZ1 ga Sony NP-FZ100, LC-E6E ga Canon LP-E6NH, ko a yi cajin cikin kyamara ta USB idan tana da wannan damar.

Wanda zai saya, ya tafi shago da kyamararsa, ya sa batirin, ya ɗauki bidiyo na ɗan lokaci yana kallon yadda cajin ke sauka, ya karɓi rasit mai hatimi. Idan daga Duwala ko Yawunde ne dole, a sa wani ɗan'uwa na can ya je ya gani da idonsa kafin a biya.

Waɗanda kuɗinsu ya riga ya tafi, kada ku goge hirarku da shi, ko saƙon shaidar tura kuɗi, ko takardar ajans. Ku kai wa 'yan sanda ko jandarma, ku sanar da kamfanin layin da aka karɓi kuɗin ta kansa, ku kuma kai ƙara hukumar ANTIC mai kula da laifukan intanet a Kamaru. Ku tafi a ƙungiyance, don ƙarar mutum biyar ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Shugabannin zauruka kuma, ina roƙonku ku cire tallarsa yau, ku tura wannan saƙo ga abokan aikinmu na Cadi.